Arziki Ba Ya Sa Gwamnati Sauri: Abin Koyi Daga Holan

Jama'a, sau da yawa mukan ce rashin kuɗi ne ke hana a kula da ƙasa da ruwa da itatuwa. To, bari mu duba ƙasar Holan, wadda ba ta san wannan rashi ba.

Holan ƙaramar ƙasa ce a Turai, mai arziki ƙwarai. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar teku ya fi shi tudu, ganuwa ce ke tare ruwa. A 1953 ruwa ya fasa ganuwar, ya ci mutum fiye da 1,800. Sai mutum ya zaci su ne za su riga kowa rage hayaƙin kwal da mai da gas, gama shi ne ke ƙara zafin duniya har teku ya yi ta cika. Ina! A 2018 kashi 7 da ɗoriya cikin 100 kaɗai na makamashinsu ke fitowa daga iska da rana da makamantansu. Su ne na ƙarshe a Tarayyar Turai.

Wa ya tashe su daga barci? Wata ƙungiya mai zaman kanta, Urgenda, tare da 'yan ƙasa 886, ta kai gwamnati ƙara. A 2015 kotu ta ce lalle a rage hayaƙin da kashi 25 cikin 100 bisa na 1990, kafin ƙarshen 2020. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara har sau biyu, ta sha kaye. Kotun ƙoli ta rufe maganar a Disamba 2019.

Magana ta biyu ta fi shafar manomi. A nan taki muke nema ido rufe, a can kuwa yawansa ne ya zama masifa. Kashin shanu da aladu da kaji yana fid da wani tururi mai sauka a kurmi da fadama, ya ɓata ƙasa, ya kashe tsire-tsire. Shekara da shekaru gwamnati tana ba da izinin faɗaɗa garke, wai za a gyara daga baya. Wasu ƙananan ƙungiyoyi suka kai ƙara, a Mayu 2019 kotu ta rushe wannan tsari. Dubban ayyukan gine-gine suka tsaya cik.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Da aka fara zancen rage dabbobi, manoma suka ce ba su yarda ba. A Oktoba 2019 suka cika hanyoyin birnin Heg da taraktoci. Suna da hujja, gama da yawansu sun ci bashin banki ne suka faɗaɗa garke lokacin da hukuma ke ƙarfafa su. A 2023 jam'iyyar manoma, BBB, ta fi kowace jam'iyya ƙuri'a a dukan larduna 12. Aikin gyara ya yi ta tafiyar hawainiya, har a Janairu 2025 kotu ta sake ba gwamnati umurni, bisa ƙarar ƙungiyar Greenpeace.

A ganina ƙungiyoyin nan sun yi daidai. Da sun yi shiru, da gwamnati ta ci gaba da cewa gobe, gobe. Sai dai alƙali hukunci yake yankewa, ba ya kiwon saniya. Wanda zai rage garkensa shi ya kamata a fara zama da shi, a ji yadda zai biya bashinsa, ya kuma ciyar da iyalinsa. Da an yi haka tun da wuri, da ba a kai ga wannan ja-in-ja ba.

Saboda haka, ku 'yan ƙungiyar manoma da na mata da na matasa, kada ku raina kanku. Ku riƙe alkawarin da hukuma ta yi a rubuce, ku yi ta tuna mata ba gajiya. In kuwa gyaran zai taɓa abincin wani, ku kira shi taro tun ranar farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.