A Daina Cinikin Biri A Sama Wajen Sayen Oba-Oba

Idan dai ba a manta ba, a watan Satumba na shekarar 2021 an katse layukan salula a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, har da Jibiya da ke bakin iyaka. Tun daga lokacin 'yan kasuwa da direbobi suka gane cewa salula tana iya yin shiru dare ɗaya, don haka ba laifi ba ne mutum ya nemi na'urar oba-oba domin magana da yaransa tsakanin rumfa da sito da tasha. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake sayen kwancen waɗannan na'urori a hannun ɗaiɗaikun mutane, ba gwaji, ba takarda, ba shaida, sai an kwana biyu rigima ta tashi a nufi wurin sarkin kasuwa.

Galibin rigingimun sanannu ne. Na farko, rediyo yana iya karɓar magana sarai amma ya kasa turawa nesa, domin idan aka saba danna shi babu eriya, sashen da ke tura murya yakan ƙone. Na biyu, baturin da ya tsufa yakan nuna ya cika, amma da an fara magana sai ya mutu. Na uku, wata cajar da ta fito daga Amurka ta wutar bolt 110 ce kawai, alhali tamu 220 ce ko fiye. Na huɗu, rediyon zangon VHF ba ya jin na zangon UHF, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. Ga kuma cika baki: ƙaramin rediyon hannu irin su Baofeng, mai ƙarfin wat 5, 'yan kilomita kaɗan yake kaiwa a cikin gari, duk wanda ya ce maka zai haɗa Maraɗi da Katsina, neman kuɗinka yake yi.

Jabu ma ya yi yawa. Bayan fashewar na'urori a Lebanon a watan Satumba na 2024, kamfanin Icom na Japan ya bayyana cewa tun 2014 ya daina ƙera samfurin IC-V82. Saboda haka wanda ya kawo maka shi sabo fil a kwali, sai ka yi masa tambayoyi.

Amma asarar kuɗi ita ce mai sauƙi. Yawancin waɗannan na'urori an yi su ne don masu sadarwar rediyo ta sha'awa, waɗanda ke da lasisi da lambar kira: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Kamaru TJ, ta Cadi TT. Zangonsu, kamar 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440 na megahaz, ba a yarda a yi harkar kasuwanci a kansa ba. Lasisin mai sayarwa ba ya bin rediyo zuwa hannun mai saye, kuma izinin wata ƙasa ba ya aiki a wata sai da yardar hukumarta. A wannan hali na rashin tsaro, ɗan kasuwar da aka kama da oba-oba a shingen bincike babu takarda, ko aka tarar na sata ne daga wani kamfani ko jami'an tsaro, shi zai amsa tambaya, wanda ya sayar masa kuwa ya yi layar zana.

A ra'ayinmu, maganin yana hannun 'yan kasuwa da shugabanninsu. Kada a biya kuɗi sai an gwada rediyo biyu, ɗaya a nan ɗaya a nesa, a yi magana ta kowane ɓangare. A cire baturi a duba lambar da ke jikin na'ura, idan an kankare ta a bar cinikin. A rubuta takarda mai ɗauke da lambar, da farashi, da sunan mai sayarwa, da shaidu biyu, a kuma yarda da wa'adin kwana uku na mayar da kaya idan aibi ya bayyana. Dillalin da ya ci la'ada shi ma ya sa hannu.

Masu sayarwa kuma su ji tsoron Allah su faɗi aibin kayansu, su rage kuɗi daidai da shi, domin mai saye na yau shi ne abokin cinikin gobe.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumomin sadarwa, NCC a Nijeriya, ARCEP a Nijar da Cadi, da ART a Kamaru, da su fito da bayani cikin Hausa a gidajen rediyo kan irin na'urar da ɗan kasuwa zai iya riƙewa da inda zai nemi izini. Kafin nan, duk mai niyyar saye ya fara tambayar hukuma, domin araha ba ta ado.