Makullin gida a hannun wa?

A watan Mayu na 2016, wasu magidanta a Amurka suka wayi gari akwatin da ke kunna musu fitilu da kulle ƙofofi ya daina amsa umarni, alhali babu abin da ya lalace a cikinsa. Sunan akwatin Revolv, kuma an sayar da shi kimanin dala 300. Kamfanin Nest, mallakar Google, wanda ya sayi Revolv a 2014, shi ne ya rufe manyan kwamfutocin da akwatin ke dogara da su. Tun daga ranar, abin da mutum ya biya da guminsa ya koma tarkace a kan tebur.

Duk mai shirin zaɓen tsarin da zai sarrafa masa kayan lantarkin gida, ya kamata ya fara da wannan labari. To amma masu talla da marubutan da ke yi musu amshi sun maida muhawarar gasar ado. Kullum tambayarsu ita ce: tsakanin Alexa na Amazon, da Google Home, da tsarin Apple, da SmartThings na Samsung, wanne ya fi jin magana, wanne ya fi araha? Tambayar da suke tsallakewa ita ce babba: idan kamfani ya juya baya, wa ke riƙe da makullin gidan?

A mafi yawan waɗannan tsare-tsare, idan maigida ya ce a kunna fitila, muryarsa takan bi intanet zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, a fassara ta can, sannan umarni ya dawo. Wato tsakanin mutum da fitilar ɗakinsa an sa ɗan aike wanda albashinsa ke hannun wani. Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne. A 2020 kamfanin Wink ya sanar da waɗanda suka riga suka sayi akwatinsa cewa sai sun riƙa biyan kusan dala 5 kowane wata, in ba haka ba su rasa aikinsa. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, sai daga baya wasu masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. A Oktoban 2025 Google ya daina kula da samfura biyu na farko na na'urar Nest mai daidaita zafin ɗaki, aka daina sarrafa su daga wayar hannu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Bayan makulli akwai batun kunne. A 2019 kamfanin labarai na Bloomberg ya bayyana cewa dubban ma'aikata na sauraren wani ɓangare na muryoyin da Alexa ke ɗauka, da sunan inganta aikinta. A Maris na 2025 kuma Amazon ya soke zaɓin da wasu na'urorinsa na Echo ke da shi na hana a tura murya waje. Magidancin da ba ya yarda baƙo ya wuce zaure, yaya zai girka wa kamfani kunne a tsakar ɗakin iyalinsa, ya kuma biya kuɗi a kai?

Masu kare waɗannan kamfanoni suna da hujja, kuma adalci ne a saurare ta. Ga makaho, ko tsohuwar da ƙafa ta gaza, kunna fanka da baki taimako ne na gaske, kuma Alexa ba ta buƙatar gwaninta kafin a girka ta. Suna kuma nuni da Matter, ƙa'idar da Apple da Google da Amazon da Samsung suka amince da ita, wadda ta fito a Oktoban 2022 domin kayan wannan kamfani su ji umarnin wancan ba tare da sun fita daga gida ba. Ci gaba ne babu shakka. Sai dai Matter ta haɗa kayan gida irin su fitila da makulli ne kawai. Fahimtar murya da sauran ayyuka masu tsada suna nan a hannun kamfani, wanda ke da ikon sauya farashi ko sharaɗi ranar da ya ga dama.

Akwai wata hanya. Home Assistant, wanda Paulus Schoutsen ɗan ƙasar Holan ya fara a 2013, manhaja ce ta kyauta da kowa ke iya duba cikinta. Ana ɗora ta a kan ƴar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a cikin gida, ta yi magana kai tsaye da kayan da ke bin ƙa'idar Zigbee ko Matter, ko da intanet ta yanke. Farashinta shi ne haƙuri da koyo, domin maigida ne zai kula da ita da kansa. Tsarin Apple yana tsaka-tsaki: yawancin umarninsa a cikin gida suke gudana, amma yana ɗaure mutum ga kayan Apple masu tsada.

Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ba su buƙatar dogon bayani kan hatsarin dogara ga makunnin da ke hannun wani. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, unguwanni suka kwana cikin duhu. Bugu da ƙari, Alexa da Siri ba su jin Hausa. Tsohuwar da aka ce don ita aka yi na'urar, sai ta roƙi fitilarta da Faransanci ko Ingilishi.

Saboda haka, shugaban makaranta ko na ƙungiya da aka kawo wa tayin kyamarar tsaro ko makullin zamani, tambayoyi uku suka wajaba a kansa kafin ya fitar da ko dala ɗaya daga asusun jama'a. Na'urar tana aiki idan babu intanet? Tana da makunni ko makullin hannu idan ta ƙi ji? Idan kamfanin ya rufe, wani tsari zai iya karɓar ta? Duk ɗan kasuwar da ya kasa amsa su, haya yake bayarwa da sunan sayarwa, kuma ya dace a mayar masa da kayansa.