Safar matse ƙafa ta cancanci gurbi a jakar maniyyaci

Duk shekara a wajen bita ana gaya wa maniyyata abin da za su sa a jaka: harami, takalmi, lema, magungunansu. Ina ganin lokaci ya yi da za a ƙara safar matse ƙafa a ciki.

Daga Kano zuwa Jidda tafiyar kusan awa biyar ce, ban da zaman jira a sansanin alhazai. Idan mutum ya daɗe a zaune, naman sharaɓa, wanda shi ke tura jini sama in ana tafiya, sai ya daina aiki. Jini ya taru a jijiyoyin ƙafa, wani lokaci ya daskare ya zama guda. Babban haɗarin shi ne gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, abin da kan kashe mutum nan take. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin na ninkawa kusan sau biyu idan tafiya ta wuce awa huɗu.

Wannan safa ba irin ta kasuwa ba ce. Tana matse idon sawu sosai, matsin na raguwa zuwa ƙasan gwiwa, ta haka take taimaka wa jini ya koma zuciya. Gwaje-gwajen da aka yi kan fasinjojin jirgi sun nuna tana rage daskarewar jini ƙwarai, har da kumburin ƙafa.

Gaskiya ne matashi mai lafiya haɗarinsa kaɗan ne. To amma su wa ke cika jiragenmu na Hajji? Dattawa, masu ƙiba, da waɗanda ba su daɗe da yin tiyata ba. Su ne suka fi buƙata.

Akwai sharaɗi: mai ciwon toshewar jijiyoyin ƙafa ko mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa kada ya sa sai likita ya duba. A auna ƙafa kafin a saya, kuma kada a naɗe bakinta, don hakan shaƙe jini yake. Namijin da zai ɗau harami a jirgi ya tambayi malamai hukuncinta tun a gida.

Safa kuma ba ta ɗauke wa mutum tashi ya taka a jirgi da shan ruwa ba. Wanda ya sauka ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi na yi masa wuya, ya nufi asibiti, kada ya ce gajiyar hanya ce.