Sauron Nguru Da Gashuwa: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Duk wanda ya taɓa kwana a Nguru ko Gashuwa da kaka, bayan ruwan Kogin Haɗeja da na Jama'are ya malala cikin fadamu, ba ya bukatar a ba shi labarin sauro. Ga mutanen gari sauro ɗaya ne, wato mai kuka a kunne da hana barci. Masana kuwa sun daɗe da gane cewa sauron da ya fi yaɗa zazzaɓin maleriya a ƙasar nan, wanda suke kira Anofilis gambiye, dangi ne guda mai 'ya'ya da yawa, masu kama da juna har madubin likita ba ya iya raba su.

Uku daga cikinsu su ne suka shafi Arewa. Akwai gambiye na ainihi, mai yin ƙwai a kududdufan da ruwan sama ya bari. Akwai koluzi, wanda ba a ba shi sunan kansa ba sai a 2013, shi kuwa ya fi son ruwa mai daɗewa irin na gonakin shinkafa. Waɗannan biyu mutum suke nema, cikin ɗaki suke cizo, a bango suke hutawa. Na ukun, arabiyansis, yana jure fari, yana shan jinin shanu kamar yadda yake shan na mutum, kuma sau da yawa a waje yake cizo, a waje yake kwana. To, gidan sauro da feshin bango, ai maganin wanda ya shigo ɗaki ne. Wanda ya tsaya a garke ko a tsakar gida, inda jama'a ke shimfiɗa tabarma saboda zafi, ina ruwansa da su?

An taɓa ganin haka a Garki, yamma da Nguru, cikin Jihar Jigawa ta yanzu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi babban gwaji a ƙauyukan wurin, aka yi feshin ɗakuna, aka raba magani. Ciwon ya ragu, amma bai yanke ba, da aka daina kuma sai ya dawo. Cikin dalilan da aka gano har da cewa wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon da aka fesa. Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, wanda daga baya aka raɗa wa koluzi sunansa, ya yi aiki a kan sauron Garki. A zamaninsa kafin a san irin sauro sai an sami mace wadda ta sha jini ƙwanta ya fara nuna, a feɗe ta, sa'an nan gwani ya duƙufa kan madubi yana karanta zanen da ke cikin ƙwayar halittarta. Aiki ne mai cin rai, gwanayensa kuma ba su da yawa.

A 1993 wasu masana uku a Amurka, Scott da Brogdon da Collins, suka fito da hanya mai sauƙi. Kowane mai rai yana ɗauke da sinadarin gado da ake kira DNA, kuma na kowane irin sauro ya ɗan saɓa da na ɗan'uwansa. Ƙafar sauro guda ta isa. Sai a niƙa ta, a sa a na'urar da ke kwafar wani ɗan yanki na sinadarin sau miliyoyi, sa'an nan a auna tsawon abin da ya fito. Idan ya kai 390 a ma'auninsu, gambiye ne ko koluzi, sai a sake wani gwajin a raba su. Idan 315 ne, arabiyansis ne. Namiji ko mace, tsutsa ko busasshen sauro, duk ana iya gwadawa. Ke nan ma'aikacin lafiya a Gashuwa yana iya kama sauro da asuba, ya busar da shi cikin 'yar kwalba, ya aika ɗakin gwaji a Kano ko Legas. Da irin wannan hanya kuma ake gano sauron da ya gāji taurin kai ga maganin da ke jikin gidan sauro.

Gwajin yana cin kuɗi, kayansa daga waje ake sayowa, yana kuma son wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Duk da haka ya kamata hukuma ta riƙa yin sa da damina da rani, tun da ruwan fadama ba ya ƙafewa lokaci guda, kafin ta fitar da kuɗin feshi.

Ga kuma baƙo. A 2020 aka sami sitifensi, sauron da asalinsa na Asiya ne, a Jihar Gwambe, maƙwabciyar Yobe, kuma gwajin DNA ne ya tabbatar da shi. Shi wannan ba ya jiran damina, a tankunan ruwa da randunan cikin gari yake yin ƙwai.