Wa ya ba masu jardan izinin tsince yara a bakin ƙofa?

Jama'a, an koma lakwal, ga alluna nan sun cika titunan Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai. Kowace unguwa da jardan ɗinta. An shafe bango da fenti, an zana zomo da giwa, an rubuta da Faransanci cewa ana karɓar yara daga shekara 3. Abin da ba a rubuta a allon ba shi ne irin yaran da ake so. Wannan sai uwa ta isa bakin ƙofa riƙe da hannun ɗanta za ta ji. In yaron na jan ƙafa, ko har yanzu bai fara magana ba, ko zabiya ne, ko an ji labarin yana faɗuwa, nan take wurin da ke akwai da safe ya ƙare. "Kash, Hajiya, wallahi aji ya cika." Tana juya baya a rubuta sunan ɗan wadda ke bayanta.

Dukanmu mun san ana haka, ta gwamnati da ta kuɗi, amma ta kuɗi ta fi. Mun yi shiru ne don yawancinmu ba ɗiyanmu ake korowa ba.

To bari mu fara da doka, tunda masu makarantun nan suna son takarda da hatimi. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, ba a duba jinsi ko asali ko ƙabila ko addini. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya hana a fitar da yaro daga makarantar kowa da kowa saboda naƙasa. A watan Disamba 2019 aka ƙara wata doka tamu ta cikin gida kan shigar da naƙasassu cikin al'amuran jama'a. Kuma ba wanda ke buɗe jardan sai da izinin hukuma. Wanda ya karɓi izinin, ya karɓi sharuɗɗan da suka zo da shi. Makaranta ba shagon atamfa ba ce da mai shi zai ce yau ba ya sayar wa wane.

Mun ji uzurorin, kuma akwai wanda yake da ƙamshin gaskiya a ciki. Madam ɗaya ce da aji maƙil da yara, wasu na kuka, wasu sun jiƙe wando, albashinta bai taka kara ya karya ba, kuma ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake zama da kurma. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma ba ita muke tuhuma ba. Muna tuhumar mai makarantar da ya karɓi jikkunan iyaye ya sayi lilo da fenti da rigunan bikin ƙarshen shekara, amma ya ce ba shi da kuɗin ɗaukar mataimakiya ɗaya, ko buhun siminti biyu da za a yi gangara a gefen matakala don keken gurgu ya hau. Ku je ku duba makewayin yawancin wuraren nan. Ƙofa ƙarama, rami a ƙasa, babu abin riƙewa. Yaron da ƙafarsa ba ta ɗaukarsa sai dai ya rarrafa a kan ƙazanta ko ya matse har a tashi. An gina wurin ne tun farko da nufin irinsa ba zai zo ba.

Uzuri na biyu shi ne wai suna da makarantarsu. Eh, akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahamane a Yamai, akwai ta kurame ta Hassane Bana Ba, akwai na kurame a Maradi da Damagaram, kuma suna aiki, Allah ya saka musu. Amma ku ƙirga su da yatsun hannu. Wace uwa ce a Tasawa ko Madawa ko Matamai za ta ɗauki ɗan shekara 4 ta kai shi wani gari ta baro? Kuma mafi yawan yaran da ake korowa ba makafi ba ne, ba kurame ba ne. Mai shan inna kansa lafiya lau. Mai i'ina yana jin komai. Zabiya abin da take buƙata shi ne a zaunar da ita kusa da allo don idonta ba ya hango nesa, a bar ta da hularta da riga mai dogon hannu, kada a jera ta cikin rana. Mai sikila a bar shi ya sha ruwa duk lokacin da ya so, a lulluɓe shi da hunturu. Ina digirin da ake nema kafin a yi waɗannan?

Uzuri na uku shi ne wanda ya fi ciwo, don namu ne, mu iyaye. Sau nawa shugabar makaranta ta karɓi yaro, sai iyayen sauran suka taso mata: ko a fitar da shi ko mu kwashe namu? An ce farfaɗiya ana ɗaukarta ta yawu. Ba a ɗauka. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, akwai maganinsa a asibiti, kuma yaron da ke shan magani kan lokaci yakan daɗe bai faɗi ba. In ya faɗi, a janye abin da zai buge shi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, a jira ta sake shi. Minti biyar ya isa a koya wa kowace madam wannan. Amma mun gwammace mu ce ɗan ruwa ne, ko iska ce, mu ja ɗiyanmu gefe. Yaro ɗan shekara 4 bai san ƙyama ba sai ya gani a fuskar uwarsa.

Abin mamaki, makarantar allo da wasu ƴan boko ke yi wa kallon raini ba ta taɓa yin wannan tsintar ba. Makaho ya zauna a gefen mai ido, ya ɗauki karatu da kunne, kuma ba garin da ba a san makaho mahaddaci ba. Gurgu ya ja jiki ya zo, a matsa masa a tabarma. Makarantar allo na da nata matsaloli, ba mu ɓoye ba, amma a wannan wuri malam mai buzu ya riga mai allon "bilingue" wayewa.

Wanda ya samu shiga ma ba lalle ne ya tsira ba. A cikin aji akwai wata tsintar. Ku lura da bikin ƙarshen shekara: wa ake ba makirfo, wa ake sa wa a layin gaba, wa ake ɓoyewa a baya kusa da bango? Ɗiyar mai babbar mota ita ce sarauniya kowace shekara. Ɗan Bafulatani ko ɗan Buzu da ya zo da Hausa a karye, a yi masa dariya, madam ma ta murmusa. Kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, mun yi murna, amma mu Hausawa mu kiyaye: mun san zafin bulalar da aka sha a lakwal saboda an yi Hausa a aji, bai kamata mu ɗauki bulalar nan mu juya ta kan mai Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci ba. Akwai kuma waɗanda suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019 suka zauna a yankin Gidan Rumji da Cadakori. Ɗiyansu Hausarmu suke yi, tuwonmu suke ci, amma in uwa ta shigo gari da ɗanta sai a ce ina takardar haihuwa. Matar da ta tsere da dare da goyo a baya, takarda za ta tsaya nema? A rubuta yaron, a bi takardar daga baya.

Asarar da ake yi a bakin ƙofar nan ta fi ƙarfin shekara biyu ta waƙa da zane. A jardan ne ake fara gane yaron da ba ya juyowa in an kira shi, ko wanda ke kai littafi har hanci. Kurman da aka gano da wuri aka fara masa maganar hannu ba ɗaya yake da wanda ya kai shekara 10 ba shi da harshe ko guda ba. Ƙafar da aka haifa a murɗe ana gyara ta, asibitin CURE na Yamai yana wannan aiki tun 2010, kuma gyaran ya fi sauƙi tun ƙashi na ɗanye. Yaron da aka mayar gida ya zauna a ƙuryar ɗaki, wa zai gan shi balle ya ba uwarsa shawara? Bayan shekara biyar mu same shi a bakin kasuwa da ƙoƙo, mu jefa masa dala goma, mu hau Facebook muna rubuta cewa bara ta zubar wa ƙasa da mutunci.

Saboda haka muna magana da masu duba makarantu kai tsaye. In kun je zagaye, kada ku tsaya ga rajista da tsabtar fili. Ku tambayi yara nawa masu naƙasa ke cikin makarantar, in an ce babu ko ɗaya a unguwa guda, ku tambayi dalili. Kada a sabunta izinin wurin da keke ba ya iya shiga ajinsa da makewayinsa. Ƙungiyar tarayyar naƙasassu ta ƙasa tana nan da mutanenta a jihohi, a gayyace su su koya wa malamai, su ne suka san inda takalmin ke matsa. Kwamitocin iyaye kuma, a taron farkon shekara a faɗa a fili cewa wanda ya ce sai an fitar da ɗan wani, shi ne zai nemi wata makaranta.

Ke kuma uwar da aka ce wa aji ya cika, ki ce a rubuta miki a takarda, da kwanan wata da sa hannu, ki kai ofishin masu duba makarantu. Ki tafi da maƙwabciya ta zama shaida.