Ƴan kasuwa, ba kowane silikon ne ke tsai da yoyo ba

In watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ka ga jama'a sun cika rumfunan masu kayan gini daga Konni har Ilela, daga Ɗan Isa har Jibiya. Kowa da maganarsa guda: "Alhaji, ba ni silikon, kwano na yoyo." Mai rumfa kuma ya miƙa robar da hannunsa ya fara taɓawa. To, a nan muke da magana da ku.

Silikon iri biyu ne. Akwai mai wari mai tsami da ke shiga hanci in an matsa shi. Wannan na gilashi ne da tayil. In aka shafa shi a kwano yana cin ƙarfen, a bangon siminti kuma ba ya kamawa da kyau. Wanda ya dace da kan ƙusa da mahaɗin kwano shi ne marar wannan warin, ko da ya fi tsada. Fenti kuwa ba ya zama a kan kowannensu.

Akwai kuma akirilik, mai araha, mai karɓar fenti. Da ruwa aka haɗa shi, in ruwan sama ya riske shi bai bushe ba sai ya wanke. Tsagar bangon siminti ta waje, foliyuretan ya fi riƙe ta. Kwalta kuma mun san halinta: zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 na sa ta yi laushi ta zube.

Katangar ƙasa fa? Kada ku sayar wa mai ita ko ɗaya. Iyayenmu da makubar ɗorawa da laso suke yaɓe, kuma har gobe yaɓe ne maganinta.

Abin da ya fi damunmu shi ne ajiya. Kayan nan suna da ranar lalacewa a jikin roba, galibi shekara guda, amma muna ganinsu jibge a rana bakin rumfa, saura na bara har da na bara waccan. Lalatacce ko ya daskare cikin roba, ko a shafa shi ya ƙi bushewa.

Wani zai ce mai saye ne ke neman mai sauƙi. Gaskiya ne, kuɗi sun yi wuya. Amma wa ke saye? Maƙwabcinka ne mai shagon atamfa ko mai buhunan shinkafa, wanda yoyon dare guda zai ci masa jari. Mun ga irin ruwan da aka yi a damanar 2024.

Ku tambaye shi: kwano ne, siminti ne, ko taga? Ku ce masa ya kankare tsohon, ya share ƙura, ya bari wurin ya bushe kafin ya matsa. In ba ku da irin da ya dace, ku nuna masa rumfar da ke da shi.