A Ƙirga Makonni Kafin a Sa Ranar Biki

A Tozai da sauran ƙauyukan ƙasar Illela, iyaka ba ta taɓa hana mace haihuwa a ɗakin uwarta ba. Yarinyar da aka auro daga ƙasar Kwanni, idan cikin fari ya tsufa, sai a kai ta gida goyon ciki. A can za ta haihu, ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, sai an yi arba'in a dawo da ita ɗakinta da goyo a baya. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a watan Agustan 2019, an sake rufe su bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, manyan motoci sun yi watanni jere a bakin geti, amma masu babur ba su daina bin hanyoyin gona ba, kuma ba a fasa zuwa suna ba. Wadda naƙuda ta zo mata da gardama, idan da hali, har asibitin Galmi ake kai ta.

Da wannan sanin iyakar iyayenmu suka tashi, kuma da shi suke auna tafiyar 'ya'yansu mata a yau. Sai dai tafiyar ta sauya. Wadda ake shirin rakawa filin jirgi yanzu ba matar ɗan cin rani ba ce, nas ce ko ungozoma da ta gama makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato, ta yi shekaru tana kwana a ɗakin haihuwa, yanzu ta samu takardar aiki a Birtaniya ko Saudiyya. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar kula da nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, Faruk Umar Abubakar, ya ce kimanin 42,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara uku. Ba na ganin laifin kowace daga cikinsu. Albashin bai kai wata, kayan aiki babu, a gabashin jiharmu kuma ma'aikaciyar lafiya tana kwana da fargabar 'yan bindiga.

Abin da ke damuna shi ne abin da muke yi a gida da zarar an ji takarda ta kusa fitowa. Uba zai ce, "'Yata ba za ta tafi ƙasar wasu babu aure ba." Ko kuma miji, idan da auren, ya ce a bari ta samu ciki tukuna don hankalin kowa ya kwanta. A gaggauta biki, a jinginar da gona ko a sayar da bijimi a kasuwar Illela ranar Lahadi a cike kuɗin jirgi, amarya ta sauka a ƙasar mutane da cikin wata biyu. Ba wanda ya yi lissafi, domin a wajenmu ƙaramin ciki ba abin faɗa ba ne. Uwa tana jin nauyin tambayar 'yarta ta fari, uba ba ya ko kusantar zancen, ita kuma yarinyar kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ba. Alhali bizar aiki da lissafin makonni aka gina ta.

Mu ɗauki Birtaniya, tunda dokokinta a rubuce suke, kowa na iya karantawa. A faɗi gaskiya, dokarsu tana kare mai juna biyu. Haramun ne a ƙi ɗaukar mace aiki ko a kore ta saboda ciki, a ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010. Hutun haihuwa har mako 52 haƙƙinta ne tun ranar da ta fara aiki, kuma hutun bai soke bizarta. Ma'aikaciyar lafiya ba ta biyan kuɗin awo ko na haihuwa a asibitin gwamnati. Wannan shi ne ɓangaren da dillalan biza suke faɗa wa iyaye, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Abin da ba su faɗa shi ne hutu daban, kuɗin hutu daban. Kafin mai aiki ya biya mace kuɗin hutun haihuwa na doka, sai ta yi masa aiki mako 26 a jere kafin ya rage mako 15 ta haihu. Haɗa 26 da 15, ka samu 41. Ciki kuwa mako 40 ake ƙirga masa. Ke nan wadda ta fara aiki da ciki, ko na wata ɗaya ne, ta riga ta rasa wannan kuɗi tun kafin ta sa kayan aiki. Akwai wani alawus na gwamnati da ke maye gurbinsa, wanda bai kai fam 200 a mako ba, shi ma sai an yi aikin mako 26 a ƙasar cikin mako 66 na kafin haihuwa, shekarun da ta yi a asibitin Sakkwato ba su shiga lissafi. Wadda ta sauka da cikin wata huɗu ba za ta cike su ba, ko da a bakin aiki naƙuda ta kama ta. Tsarin kuɗin hutun haihuwa na asibitocin gwamnatinsu mai gwaɓi, wanda ake jin labarinsa a waya, shi kuma sai an shekara ana aiki. A jikin bizarta kuma an rubuta cewa ba ta da rabo a sauran kuɗin tallafin gwamnati, har da wanda ake ba iyaye saboda yara. Kuɗin haya bai san ta haihu ba, haka na wuta da na ɗumama ɗaki a hunturu, ga 'yan gida sun zuba ido suna jiran a fanso gonar da aka jinginar.

Akwai wani agogon da ke bugawa a gefe. Nas ɗin da ta isa can ba cikakkiyar nas ba ce sai ta ci jarrabawar gwajin aiki da hannu, an yi mata rajista. Ana so ta zauna jarrabawar cikin wata uku, ta kammala rajista cikin wata takwas, in ba haka ba wanda ya ɗauki nauyin bizarta zai janye. Wata takwas na jarrabawa da wata tara na ciki, a jikin mutum ɗaya, cikin laulayi da aikin dare da harshen da ba a saba jin irin lafazinsa ba. Idan kuwa aikin ya kuɓuce, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara ya bar ƙasar. Doka ta hana wariya, amma ina mai cikin wata bakwai za ta fara yawon neman aiki? Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai. Gwamnatin Birtaniya da bakinta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta ƙwace lasisin kamfanonin kula da tsofaffi da marasa lafiya fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Masu irin wannan aikin kula da tsofaffi, tun 11 ga Maris 2024 aka hana sababbinsu tafiya da miji ko 'ya'ya, a watan Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukarsu daga waje gaba ɗaya. Duk dillalin da ya zo Illela yau yana tallar wannan biza, kuɗin mutane yake nema.

Sannan a cire wa rai cewa jariri zai zo da fasfon Birtaniya. Tun farkon 1983 haihuwa a Birtaniya ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa, sai idan ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Ɗan da ta haifa ɗan Najeriya ne, sai an yi masa fasfo da tasa bizar kafin a kawo shi ganin kakanni a koma da shi. Kakar da ya kamata ta zo ta yi mata wanka kuwa, sai ta nemi bizar ziyara, a ba ta ko a hana ta.

Saudiyya ta fi kusa da zukatanmu, shi ya sa muka fi sakin jiki da ita. A can gwajin ciki yana cikin takardar binciken lafiya da mace ke cikewa kafin biza. Dokar ƙwadagonsu ta ɗaga hutun haihuwa zuwa mako 12 a watan Fabrairun 2025, amma masu aikatau a gidaje ba su cikin wannan doka, kuma da yawa daga matanmu da aka yi wa alkawarin aikin asibiti a gidajen suke ƙarewa. Ma'aikacin kamfani yana biyan riyal 400 kowane wata a kan duk wanda ke zaune a ƙarƙashin iƙamarsa. Haihuwa a can ma ba ta ba yaro ƙasa. Wanda ya san unguwannin Takari a Makka da Jidda ya san manya da aka haifa a can, suka yi furfura babu takarda.

Mafi haɗari a duk wannan shi ne ɓoyewa. Mai neman bizar Birtaniya daga Najeriya sai ta yi gwajin tarin fuka, kuma hoton ƙirji ake ɗauka. Mai ciki tana da zaɓi: a ɗauki hoton da ƙarin kariya idan cikin ya wuce wata uku, ko a gwada kakinta, wanda sakamakonsa kan kai mako takwas, ko ta jira ta haihu. Amma sai ta faɗa. Yarinyar da aka tsoratar cewa ciki zai lalata mata tafiya shiru za ta yi, ta ƙi zuwa awo, ta ɗaure ciki da zane, ta hau jirgi, ta ɗaga majinyata masu nauyi a watannin da ya kamata a sauƙaƙa mata aiki. Ungozoma ce fa, ta san illar abin da take yi, bashin da ke kanta ne ya rufe mata baki. Kuma idan an ja lokaci, yawancin kamfanonin jirage suna neman takardar likita daga mako 28, ba su ɗaukar mai ciki bayan mako 36.

Ba ina cewa a hana aure ba ne, ba kuma ina cewa mace ta zaɓi aiki ta bar haihuwa ba. Haihuwa ta Allah ce, amma lissafi namu ne, kuma malamanmu da dama sun yi bayanin halascin tazara idan miji da mata sun yarda. Mijin da ya amince matarsa ta tafi, ya amince su zauna su biyu su duba takardar kwantiragi: yaushe za ta fara, nawa za a biya ta idan ta haihu a shekarar farko, nawa za ta mayar wa asibitin idan ta ajiye aiki kafin wa'adi, shi kansa yana da izinin binta ko babu. Idan cikin ya riga ya shiga, ta rubuta wa masu ɗaukarta ta nemi a ɗaga ranar farawa, ta haihu a gida, ta tafi da ƙarfinta. Idan uwa tana jin nauyi, akwai gwaggo, akwai inna, akwai yaya, waɗanda al'ada ta ba su bakin yin irin wannan tambaya. Makarantun jinya na jiharmu ma su daina yin kamar ba su san ɗalibansu suna shirin fita ba. Darasin yini ɗaya a shekarar ƙarshe ya isa a koya musu karanta kwantiragi.

Gwamnatin Najeriya kuwa hanyar da ta bi a 2024 ita ce ta ce sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardu. Shekarun nan biyu su ne daidai shekarun aure da cikin fari, don haka ƙa'idar ta ƙara cusa matan cikin wannan matsi. A jihar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ko mace ɗaya cikin goma ba ta haihuwa a asibiti, kowace ungozoma da ta tafi giɓi ce babba. Dokar ƙwadagon Najeriya mako 12 ta ba mai jego, da rabin albashi. A Kwanni, da ke ƙetaren gonakinmu, mako 14 ne. Gwamnatin Sakkwato tana da ikon ba duk ungozomar da ta yarda ta zauna a asibitin ƙauye irin na Tozai hutun wata shida da cikakken albashi, da gida mai katanga kusa da wurin aiki, da wadda za ta riƙe mata ɗakin haihuwa har ta dawo. Majalisar dokokin jiha tana iya sa wannan a kasafin kuɗin baɗi, kuma ɗan majalisar da ke wakiltar Illela ne ya kamata ya fara gabatar da shi.